Idan Kwamfutarka Ta Ce Ba Ka Da Izini

Ƙannena maza da mata da kuka fara koyon Linux, ko a jami'a, ko a kwalejin kimiyya da fasaha, ko a kan tsohuwar kwamfutar da wani yaya ya bar muku, akwai wata rana da ke jiran kowannenku. Za ka buga umarni don ka ga lambar siriyal ta kwamfutarka, ko ka soka ɗan allon Arduino ka nemi tura masa aiki, sai baƙin allo ya dawo maka da amsar cewa ba ka da izini. Ranka zai ɓaci, kuma ba zan ga laifinka ba, tunda da guminka aka sayi na'urar nan, a kan cinyarka take, ba wanda ya ara maka. Daga nan sai ka leƙa intanet, kafin minti ɗaya wani ya miƙo maka magani: sa sudo a gaban umarnin, ko ka yi chmod 777. Ka yi, aiki ya tafi, ka manta. Wannan minti ɗaya nake so mu zauna a kansa, domin wasu daga cikinku za a wayi gari an damƙa musu kwamfutocin asibiti, da na banki, da na hukumar jarrabawa, kuma hannun da ya saba da wani hali a ɗakin kwana da shi zai je ofis.

Mu fara da wanda ya hana ka ɗin. Kowace babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta tana da zuciya, wadda masu sana'a ke kira kanel. Shi kaɗai ke taɓa ƙarfe kai tsaye: furosesa, ram, faifan ajiya, kyamara, makirufo, katin intanet. Sauran manhajoji duka, daga burauza har ɗan wasan da ka sauke jiya, sai sun bi ta hannunsa. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ya gaji wata dabara daga Unix da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969, wato a nuna kusan komai a siffar fayil. Na'urorin kansu suna ƙarƙashin /dev, bayanai game da su kuma suna /sys da /proc. Tunda fayil ne, sai ƙa'idar fayil ta hau kansu. Kowane fayil yana da mai shi, yana da rukuni, sannan ga sauran jama'a, kuma kowane ɗaya daga cikin ukun nan ana iya ba shi karatu, ko rubutu, ko zartarwa. Karatu 4 ne, rubutu 2, zartarwa 1, sai a tara. Fayil mai 444 kowa na iya karanta shi. Mai 400, mai shi kaɗai. Mai 660 na mai shi ne da 'yan rukuninsa. Shi kuwa 777 da ake ta rubuta muku a matsayin magani, ma'anarsa kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya zartar.

Sai mutum ya ce, ai ni kaɗai ke amfani da kwamfutar nan, wane ne kuma kowa? Kanel bai san fuskarka ba, lamba ya sani. Duk manhajar da ka kunna da lambar asusunka take aiki, kuma duk abin da aka halatta maka an halatta mata. Buɗe /etc/passwd ka gani, za ka tarar da jerin asusun da ba na mutane ba ne, na hidimomin da ke aiki a bayan fage ne dare da rana. Kowa ɗin nan ya haɗa da su. Ya haɗa da ɗan rubutun da ka kwafo daga shafin da ba ka san mai shi ba, ya haɗa da tarin ƙananan manhajojin da pip ko npm suka jawo maka a yayin da guda ɗaya tak ka nema, waɗanda ko ɗaya ba ka buɗe ka karanta ba. Ranar da ka buɗe wa kanka izini, tare da su ka buɗe.

Ɗauki maganar lambar siriyal. In ka shiga /sys/class/dmi/id za ka ga jerin fayiloli. Sunan kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da samfurinta, da ranar BIOS ɗinta, duk 444 ne, karanta abinka. Amma guda huɗu, product_serial da product_uuid da board_serial da chassis_serial, 400 ne, kuma na root ne, babban asusun da ke riƙe da ragamar na'urar. Lura da inda aka ja layin. Sunan samfuri, dubban kwamfutoci ne ke tarayya a kansa. Lambar siriyal kuwa taka ce kai kaɗai, kuma ba ta canzawa ko ka goge faifai ƙal ka zuba sabuwar manhaja. Wanda ya same ta sau ɗaya zai gane ka gobe, ko ka sake suna, ko ka sake layi, ko ka ƙaura wani gari. An daɗe da yin wannan rigima. A farkon 1999 kamfanin Intel ya fito da Pentium III da lamba ta musamman a cikin kowace furosesa, wadda manhaja ke iya tambaya da umarni ɗaya. Kamfanin ya ce don tsaron ciniki ta intanet ya yi. Ƙungiyoyin kare sirrin jama'a a Amurka suka yi kiran a ƙaurace wa kayansa, aka koma ana kashe lambar tun daga BIOS, kuma da Pentium 4 ta fito a ƙarshen 2000 babu ita a ciki.

Ba zan ce muku tsarin ya daidaitu ko'ina ba. A Linux na kwamfutar tebur, lambar MAC ta katin intanet a buɗe take ga kowa, kuma in ka leƙa /dev/disk/by-id za ka ga siriyal na faifanka a jikin sunansa ba tare da an tambaye ka kalmar sirri ba. Tarihi ne ya jawo haka. Torvalds yana da wata doka da ba ya sassauci a kanta: kada sabon kanel ya karya manhajar da ke aiki lafiya a kan tsohon. Abin da aka bari a buɗe tun da can, har manhajoji suka dogara a kansa, rufe shi sai da hujja mai nauyi. To, ku juya maganar ta ɗaya ɓangaren. In kun tarar da fayil da a da yake buɗe amma yanzu an rufe shi, ku san cewa wani abu ne ya faru da ya rinjayi waccan doka, kuma ya kamata ku san abin kafin ku sa hannu ku warware.

Hujjar da na fi jin matasa na kawowa ita ce, ai karantawa kawai zan yi, ba abin da zan taɓa. A takarda haka ne. A ƙarfe kuwa, karatu ma taɓawa ne. Kowace na'ura da ke kan hanyar PCI tana da wani ɗan fili na saituna, bayit 256 a tsohon tsari, 4096 a PCI Express. Asusun gama-gari bayit 64 na farko kaɗai kanel ke bari ya gani, shi ya sa lspci ke ɓoye maka wani sashe in ba ka sa sudo ba. Dalilin yana rubuce a cikin kanel ɗin kansa: akwai na'urorin da ke sandarewa idan aka yi ƙoƙarin karanta wasu gurabensu. Wato in ba don wannan shinge ba, ɗalibi ɗaya mai son sani zai iya tsayar da injin da ajinsu gaba ɗaya ke aiki a kansa, ba tare da ya rubuta ko harafi ba.

Amma labarin da nake so ya zauna muku a rai shi ne na ma'aunin wuta. Tun daga furosesoshin Sandy Bridge na 2011, Intel ke saka wani ma'auni mai suna RAPL, wanda ke ƙidaya wutar da furosesa ta sha. Amfaninsa a fili yake: a kula da zafi, a tsawaita batir. Linux ya fito da ƙidayar a wani fayil mai suna energy_uj a ƙarƙashin /sys/class/powercap. Lamba ce guda ɗaya da ke ta hauhawa, ana sabunta ta kimanin sau dubu a daƙiƙa. Shekara da shekaru fayil ɗin 444 ne. Wa zai zauna ya yi tunanin cewa akwai sirri a cikin yawan wutar da kwamfuta ta sha? Ba suna, ba kalmar sirri, ba hoto.

Sai dai wutar da furosesa ke sha ta danganta da abin da take lissafawa. Lambar da ta cika da 1 da wadda ta cika da 0 ba daidai suke jan wuta ba, ko da bambancin ƙanƙani ne ƙwarai. Paul Kocher da abokan aikinsa sun nuna tun 1999 cewa ana iya zare mabuɗin sirri daga kati mai ƙwaƙwalwa ta hanyar auna wutarsa, amma wannan sai ɓarawo ya riƙe katin a hannu, ya jona masa wayoyi da na'urar awo. A ranar 10 ga Nuwamba 2020, masu bincike daga Jami'ar Fasaha ta Graz a Ostiriya, da cibiyar CISPA ta Jamus, da Jami'ar Birmingham ta Ingila, suka bayyana wani hari da suka sa wa suna PLATYPUS. Sun nuna cewa ba a buƙatar waya ko na'urar awo, domin furosesar da kanta ta yi awon, kanel kuma ya ajiye sakamakon a inda kowa zai ɗauka. Mai injin niƙa na unguwa bai taɓa wuce zauren gidanku ba, amma in ya lura da yawan kwanon masarar da ake kawo masa kullum, zai san yawan masu cin tuwo a gidan, ya san ranar da kuka yi baƙi, ya san ranar da aka shiga matsi. Haka manhajar masu binciken ta yi. Ba ta da wani izini na musamman. Ta zauna tana karanta lambar nan sau da yawa, awa bayan awa, tana tace hayaniya da lissafi, har ta fito da mabuɗan sirri na AES, ciki har da wanda ke cikin SGX, keɓaɓɓen wurin da Intel ya gina domin ko babbar manhaja kada ta ga abin da ke ciki. Cikin 'yan daƙiƙoƙi kuma ta gano inda kanel ya ɓoye kansa a ram, wanda shi ne abu na farko da mai kai hari ke nema.

Gyaran da aka yi a Linux ɗan ƙarami ne a ido: 444 ta koma 400. Ya shiga Linux 5.10 da ya fito a Disamba 2020, aka kuma mayar da shi cikin tsofaffin kanel da ake ci gaba da kulawa da su, Intel kuma ya fitar da nasa gyaran a ɓangaren furosesa. An biya farashi. Manhajojin da ke nuna wa mutum yawan wutar da kwamfutarsa ke sha suka daina nunawa, masu bincike kan tattalin makamashi suka shiga wahala. A ɓangaren AMD ma abin ya fi haka, domin direban amd_energy, bayan an taƙaita shi, ya saɓa wa ƙa'idar sashen da yake ciki ta cewa ma'aunai na kowa ne, aka cire shi ɗungurungum a Linux 5.13 a 2021. Mutanen da suka yanke wannan hukunci sun san za a yi ƙorafi, kuma sun yanke. Duk da haka har yau za ka ga ana ba sababbin shiga shawarar su mayar da fayil ɗin yadda yake da umarni ɗaya, ba tare da an gaya musu abin da suke buɗewa ba. Wannan yana ba ni takaici. In kwamfutarka ce ta kanka, kana gwaji na ɗan lokaci, ka kuma san labarin nan, zaɓinka ne. In saba ce da wasu ke ajiye sirrinsu a kai, cin amana ne, ko da ba ka yi nufi ba.

Ba sau ɗaya aka yi irin wannan ba. A Maris 2015 masu bincike na Google suka nuna cewa in aka yi ta bubbuga layi ɗaya na ram da sauri, ana iya juya bayanin da ke layin maƙwabcinsa har a ƙwace iko da na'ura. Mai son ya saita harin sosai yana buƙatar sanin ainihin wurin da bayanansa suke a jikin ram, kuma fayil ɗin pagemap da ke /proc yana faɗa wa duk wanda ya tambaya. Daga Linux 4.0 aka rufe wannan. A shekarar dai, Lukasz Olejnik da abokansa suka nuna cewa Firefox a kan Linux yana faɗa wa shafukan intanet yawan cajin batir da lambobi masu tsawo bayan ɗigo, har ana iya gane kwamfuta da su. Daga baya masu bincike a Princeton suka tarar ana amfani da bayanin batir wajen bin sawun mutane a zahiri, kuma a 2017 Firefox 52 ya daina ba shafuka bayanin gaba ɗaya. Cajin batir fa, ƙannena.

To, me za ka yi in an hana ka? Abu na farko, tsaya ka duba. Buga ls -l a kan fayil ɗin ka ga mai shi da rukuninsa, sannan ka buga id ka ga rukunan da kake ciki. Sau da yawa amsar tana nan. Allon Arduino yakan fito a matsayin /dev/ttyACM0 ko /dev/ttyUSB0, kuma a Ubuntu da Debian za ka ga 660 ne, na root, rukunin dialout. A Arch sunan rukunin uucp. Wato an riga an tanadar maka hanya, kai ne ba ka shiga rukunin ba. Umarnin usermod -aG dialout tare da sunan asusunka, sau ɗaya, da sudo, sai ka fita ka sake shiga, magana ta ƙare. Kada ka manta da ƙaramin harafin a ɗin nan, domin in babu shi za a fitar da kai daga sauran rukunanka, har da wanda ya ba ka damar sudo. Mai chmod kuwa wahala yake saya wa kansa, domin duk lokacin da ya zare kebul ya mayar, udev, hidimar da ke kula da fayilolin /dev, zai sake ƙirƙirar fayil ɗin da izininsa na asali. Bayan ya gaji da maimaitawa sai ya koma kunna manhajar Arduino gaba ɗaya da sudo, ya ɗauki ikon dukan na'ura ya ba manhajar da tashar USB guda ɗaya kawai take buƙata.

Rukuni ma ba kowanne ake faɗawa ba. Ɗan rukunin input yana iya karanta fayilolin /dev/input, inda duk harafin da aka danna a kibod yake bi, har kalmar sirrin da kake bugawa a shafin banki. In ka sa kanka a ciki don wata na'urar wasa ta yi aiki, duk manhajar da ka kunna ta samu damar sauraren yatsunka. Ɗan rukunin disk kuwa yana karanta faifai ɗanyensa, ta bayan duk wani izinin fayil, don haka bambancinsa da root a suna ne kawai. Hanya mafi tsafta ita ce ka ba da izini a kan na'urar da kake nufi ita kaɗai. Umarnin lsusb zai nuna maka lambobi biyu, ta kamfani da ta samfuri. Arduino na asali 2341 ne, masu arahar da suka cika kasuwanninmu masu guntun CH340 kuma 1a86:7523. Da waɗannan lambobi za ka rubuta layi ɗaya a /etc/udev/rules.d ka sa masa alamar uaccess, a fayil da lambar sunansa ba ta kai 73 ba. Daga nan na'urar za ta buɗe ga wanda ke zaune gaban kwamfutar a lokacin, in ya tashi ya fita izinin ya bi shi. Aikin minti biyar ne, kuma wanda ya iya shi ya fara zama injiniya.

Ku dubi yadda manyan masu sana'a ke yi. Tun Linux 2.2 na 1999 aka yanka ikon root gunduwa-gunduwa, yau sun kai kimanin 40. Wireshark manhaja ce babba, mai fassara dubban nau'o'in saƙonnin da ke yawo a kan waya, kuma kowane saƙo baƙo ne da zai iya zuwa da sharri. Masu ita ba su ce a kunna ta da sudo ba, hasali ma suna gargaɗi a kan haka. Sun ware wani ɗan ƙaramin yanki mai suna dumpcap, suka ba shi gunduwa biyu kacal, ya kamo saƙonni ya miƙa wa babbar, ita kuma ta yi aikinta da asusun gama-gari.

Sabo da sudo yana da wata illa da ba ta shafi ɓarawo ba, ta shafi hannunka ne. A farkon 2016 aka samu rahoton wata kwamfutar tafi-da-gidanka ta MSI da ta ƙi tashi kwata-kwata bayan mai ita ya goge komai da ikon root don ya sake zuba manhaja. Bai san cewa a cikin /sys akwai efivars ba, inda saitunan UEFI na jikin allon uwa suke fitowa a siffar fayil. Ya goge su tare da sauran, kwamfutar ta zama ƙarfe. Bayan haka ne Linux 4.5 ya sa yawancin waɗannan fayiloli ba sa goguwa sai an cire musu kariya da gangan.

Kada kuma wani ya ji wannan duka ya koma ɗaya gefen, ya zama mai kula da kwamfutoci da ba ya barin kowa ya yi komai. Wannan ma cuta ce, kuma ita ke haifar da 777. A Fabrairu 2012 Torvalds da kansa ya fito fili ya caccaki openSUSE saboda tana neman kalmar sirrin root kafin mutum ya shiga sabon wayales, ko ya canza agogo, ko ya jona firinta, bayan 'yarsa ta kasa amfani da firintar makarantarsu. Yana da gaskiya. In ka tilasta wa mutane neman babban mabuɗi don ƙaramin aiki, za su rubuta shi a takarda su manna a jikin allo. Jerome Saltzer da Michael Schroeder, a maƙalarsu ta 1975 da har yau ake koyarwa, sun kawo ƙa'idar a ba kowa mafi ƙarancin ikon da aikinsa ke buƙata, kuma a jerin ƙa'idojin guda suka kawo cewa dole tsaro ya zama mai sauƙin bi ga mutane. Mutane sukan haddace ta farko su manta ta biyu. Ranar da aka ba ka ɗakin kwamfutocin makaranta, aikinka ne ka riga ɗalibai sanin abin da za su buƙata, ka buɗe musu shi tun kafin su roƙa, ka rufe sauran.

Wanda bai taɓa ganin baƙin allo ba ma maganar ta shafe shi, domin wayar Android da ke aljihunsa kanel ɗin Linux ne a cikinta. Kowace manhaja da ka sauke ana ba ta lambar asusu tata daban, kanel ne kuma ke hana ta leƙa jakar 'yar'uwarta. A hankali aka yi ta toshe ƙofofin bayanan na'ura. Android 6 na 2015 ya fara tambayarka izini a lokacin da manhaja ke buƙata, ya kuma koma ba manhajoji lambar MAC ta bogi, 02:00:00:00:00:00. Android 10 na 2019 ya hana manhajojin gama-gari karanta IMEI, lambar nan mai lambobi 15 da ke fitowa in ka danna *#06#. Kai mai waya kana iya ganinta, manhajar tocila ba ta iya gani. Idan wani a kasuwar waya ya ce zai yi maka rutin don ka samu 'yanci, ka san cewa wannan katanga ce zai huda, kuma shi ya sa manhajojin banki da dama ke ƙin aiki a irin wannan waya. Mun kuma ga abin da izinin da aka danna ba tunani ya jawo wa mutane a Najeriya, inda wasu manhajojin ba da bashi suka kwashe lambobin da ke wayar mutum suka yi ta tura wa danginsa da abokan aikinsa saƙon tozarci. A Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, kuma daga 31 ga Mayu 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobin waya da hotuna. Kafin a kai ga haka, mutuncin mutane da yawa ya riga ya zube.

Ku kuma masu rubuta manhaja, gobe ku ne za ku tsaya a ɗaya gefen kuna neman izinin. Mai gida zai ce yana so a gane kowace na'ura don kada a yi masa satar lasisi, ko kada mutum ɗaya ya buɗe asusu goma. Hanya mafi kusa ita ce ka nemi siriyal ko IMEI. Kada ka bi ta. Ƙirƙiri sabuwar lamba wadda ba ta bin wani tsari a ranar da aka girka manhajarka, wadda za ta tafi in an cire ta. A Android, tun sigar 8 ta 2017, lambar ANDROID_ID da manhajarka ke gani daban take da wadda ta wani kamfani ke gani, kuma ta wadatar ga yawancin buƙatu. A Linux, masu systemd sun yi gargaɗin kada a tura /etc/machine-id waje yadda take, sun kuma tanadi hanyar fitar da wata lamba daga jikinta wadda manhajarka kaɗai za ta yi wa amfani. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ce a taƙaita abin da ake tarawa ga abin da aikin ke buƙata. Ko babu doka, addini da tarbiyyar gida sun hana mu bin diddigin sirrin mutane, kuma bayanin da ba ka tara ba, ba mai sace shi daga hannunka, ba kuma mai tilasta maka ka miƙa shi.

Ina roƙonku, kafin ku kwanta yau ku buɗe taminal ku buga id. In kun ga input ko disk a jerin rukunanku kuma ba ku tuna dalilin shigarku ba, ku fita. Ku leƙa /etc/udev/rules.d ku karanta abin da kuka kwafa a ciki watannin baya, duk layin da ya ce 0666 ko 0777 ku gyara shi. Sannan ku karɓi wayar Inna da ta Baba, da izininsu, ku shiga saitin izini ku duba wace manhaja ce ke riƙe da makirufo da lambobin waya da wurin da suke. Su ba za su iya wannan aiki ba, ku ne kuka yi karatun.